Wai ya ake raɗa wa fayil da folda suna a Python, akwai ƙa'ida ko kowa da nasa?

ummi_kod:

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Don Allah ina da tambaya, kar a ce ta yi ƙanƙanta. Ina IT ne a wani ɗan ofishi, sai aka miƙo min wani aikin Python da wanda ya riga ni ya bari, manhaja ce ta lissafin kuɗin makaranta da fitar da rasit, aka ce in tsaftace ta in ƙara mata wasu abubuwa. Da na buɗe foldar wallahi kaina ya ɗaure, ga kaɗan daga sunayen da na tarar:

Lissafin-Kudi.py
rasit sabo.py
rasit sabo final2.py
DalibaiDB.py
2023_report.py
random.py
utils.py

Duk a zube wuri ɗaya, har da hotuna da fayilolin CSV a tsakiyarsu. Kowanne in ka kunna shi shi kaɗai yana aiki daidai gwargwado, amma da na zo haɗa su sai rigima, na rubuta import Lissafin-Kudi ya ce SyntaxError, na so in yi amfani da random.randint don lambar rasit ya ce wai module 'random' has no attribute 'randint', abin da na san akwai shi tun ajin farko. Sannan akwai tambarin makaranta da ake sawa a saman rasit, a laftof ɗina mai Windows yana fitowa lafiya lau amma da oga ya ɗora a saba, wato server, sai aka ce babu fayil ɗin, alhali yana nan ina kallonsa.

To tambayata uku ce. Akwai wata ƙa'ida ta raɗa suna da Python ta yarda da ita ko ra'ayi ne kawai? Zan iya sa sunayen da Hausa har da baƙaƙe masu ƙugiya, kamar kuɗi.py da ɗalibai.py? Sannan foldojin ya ake jera su? Na gode, Allah Ya saka da alheri.

tsohon_injiniya:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata tambayarki ba ƙarama ba ce, domin a Python sunan fayil ba ado ba ne, wani ɓangare ne na kod ɗin. Duk fayil ɗin da ya ƙare da .py modul ne, kuma sunansa shi ne abin da za ki rubuta bayan import, don haka dole ya zama irin sunan da Python za ta karɓa a matsayin sunan abu: baƙaƙe, lambobi da layin ƙasa, wato andasko, kuma kar ya fara da lamba. Karan ɗorin da ke cikin Lissafin-Kudi ita Python alamar ɗebewa take gani, kamar kin ce a shigo da Lissafin a ɗebe Kudi, shi ya sa ta yi ihu. Sarari a tsakiyar suna ma haka, 2023_report ma haka tunda da lamba ya fara. Dalilin da ya sa suke aiki in kin kunna su kai tsaye shi ne a nan taminal ne ke miƙa wa Python hanyar fayil, babu ruwan import a ciki. Akwai hanyar zagaye ta importlib.import_module da za ta shigo da mai karan ɗorin, amma kar ki bi ta nan, canza sunan ya fi sauƙi.

Ƙa'idar kuma a rubuce take, PEP 8, kundin salon rubuta kod na Python, tun 2001, Guido van Rossum da Barry Warsaw na cikin waɗanda suka rubuta ta. Abin da ta ce a kan modul bai fi layi biyu ba: suna gajere, duk da ƙananan baƙaƙe, ana iya sa andasko in zai sauƙaƙa karantawa. Fakej kuma, wato foldar da ta tara modul, shi ma gajere da ƙananan baƙaƙe, amma an fi so a guji andasko a nan. Manyan baƙaƙe irin na DalibaiDB na kilas ne, ba na fayil ba. Sai ki samu kilas mai suna DalibaiDB a cikin fayil mai suna dalibai_db.py ko ma dalibai.py kawai. Su kansu masu Python ɗin ba da haka suka fara ba, a Python 2 akwai Tkinter da Queue da ConfigParser da SocketServer, sai da Python 3.0 ta fito a ƙarshen 2008 aka mayar da su tkinter, queue, configparser, socketserver. In kin ga tsohon darasi a intanet an rubuta import Tkinter da babban baƙi to kin san shekarunsa.

Maganar random.py ita ce ta fi cin mutane. In kin kunna fayil, Python tana sa foldar da fayil ɗin yake a sahun farko na wuraren da take neman modul, kafin ta kai ga laburarenta. To da kika ce import random sai ta waiga ta ga random.py a gefenta ta ɗauka, ba ta ma ƙarasa wajen na ainihin ba. Abin haushin ma ba ke kaɗai zai shafa ba, akwai modul na Python da su ma suke shigo da random a ciki, misali tempfile, sai ki ga kuskure ya ɓullo daga wani wuri da ba ki taɓa taɓawa ba kina ta neman mai laifi. Sunayen da suka fi jawo wannan: email.py, csv.py, json.py, string.py, token.py, code.py, calendar.py, da kuma requests.py in kina amfani da laburaren requests. Ɗalibai kan sa turtle.py ranar da aka fara koya musu turtle, shi kenan kunkuru ya ƙi tafiya. In kina kokwanton suna, daga Python 3.10 akwai sys.stdlib_module_names, ki duba ko yana ciki. Python 3.13 da ta fito a 2024 ma ta fara faɗa da bakinta a saƙon kuskuren cewa ki canza sunan fayil ɗinki don ya yi karo da na laburare, da alama taki ta girme ta.

Ki buɗe random.py ɗin ki ga me yake yi, in lambar rasit yake haɗawa ki kira shi lambar_rasit.py. Su rasit sabo da final2 kuwa wannan aikin Git ne, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, aka ɗora wa sunan fayil, ki gano wanda ake amfani da shi ki bar shi a matsayin rasit.py, sauran su zauna a tarihin Git.

sadiq_flutter:

Baba injiniya ya gama magana wlh. Ni dai abinda zan kara kowane yare da nasa al'adar, kar ki dauki ta Python ki kai wani gida. A Java in kina da public class Rasit to dole fayil din ya zama Rasit.java da babban baki, in ba haka ba javac bazai ma karba ba, kuma fakej dinki com.kamfani.rasit sai ya zama foldoji com/kamfani/rasit daya cikin daya. Mu a Dart kuma irin na Python ne, kananan bakake da andasko, rasit_page.dart a cikin lib, gwaji kuma rasit_page_test.dart a cikin test. Go ma sunan yana da aiki, fayil da ya kare da _test.go gwaji ne, wanda ya kare da _windows.go a Windows kadai ake hada shi, na taba ganin wanda yasa irin wannan sunan ba da niyya ba yana ta mamakin ina fankshin dinsa ya shiga a Linux. Batun babban baki da karami kuma Windows bata damu ba, Kudi.py da kudi.py duk daya ne a wajenta, shiyasa komai ke aiki a laftof dinki, Linux ce mai tsauri.

hajiya_django:

Malam Sadiq rabin maganarka ta ƙarshe daidai ne, rabi kuma zai iya ɓatar da ita. Gaskiya ne Windows ba ta bambance babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Mac ma haka take a yadda take zuwa, amma import na Python yana bambancewa ko a Windows ɗin. Tun PEP 235 aka tsara haka, zamanin Python 2.1, in fayil ɗin Kudi.py ne ka rubuta import kudi ba za ta samo shi ba, sai dai in ka je ka kunna PYTHONCASEOK da hannunka. Inda ake faɗawa rami shi ne duk abin da ba import ba: open, hotuna, CSV, tamfilet na HTML. A nan Python miƙa wa na'urar sunan kawai take yi, Windows ta ce ai na gane wanda kake nufi, Linux ta ce ban san shi ba.

Ummi ki je ki duba tambarin nan, ina kyautata zaton fayil ɗin Logo.PNG ne ko foldar Hotuna ce da babban H, a kod kuma an rubuta hotuna/logo.png. Ki mayar da komai ƙananan baƙaƙe har da wutsiyar .png ɗin. Amma ki kula wajen gyarawa, in kin canza sunan daga Windows kawai, daga Logo.PNG zuwa logo.png, Git zai iya ƙin ganin an yi wani canji saboda a Windows yana zuwa da core.ignorecase a kunne, ki tura ki ce kin gyara, a saba kuma tsohon sunan na nan daram. Ki yi da git mv, kamar haka: git mv Logo.PNG logo.png. In folda ce ta ƙi, ki fara mayar da ita wani suna na wucin gadi sannan ki dawo da ita wanda kike so. Duk sauran canjin sunan ma ki yi da git mv ɗin, kuma ki yi kwamit ɗinsu daban ba tare da kin taɓa cikin fayilolin sosai ba, don Git ya gane fayil ɗaya ne aka sauya wa suna tarihinsa bai yanke ba.

Tunda ana maganar Windows, akwai sunayen da ta riƙe tun zamanin DOS: con, prn, aux, nul, com1 zuwa com9, lpt1 zuwa lpt9. Mai Linux zai ƙirƙiri aux.py hankalinsa kwance ya tura, abokin aikinsa mai Windows ya zo saukewa Git ya ce invalid path. Wannan ba ya cikin PEP 8 amma ya kamata a sani.

Wani abu kuma, akwai sunayen da ba ke kike zaɓa ba, kayan aikin ne suke nemansu da sunan. pytest, mai gudanar da gwajin kod, yana tattara fayilolin da suka fara da test_ ko suka ƙare da _test.py, in kin sa gwajin_rasit.py zai wuce shi ya ce miki babu gwaji ko ɗaya, ki yi ta murna babu abin da ya faɗi. conftest.py ma sunansa ke nan ba a fassara shi. A Django, tsarin gina shafukan intanet da Python, in kin sa fayil a management/commands sunan fayil ɗin ne yake zama sunan umarnin, kuma startproject ba ya karɓar suna mai karan ɗori ko wanda ya yi karo da wani modul. Kar ki ce to ai ga 0001_initial.py a migrations ya fara da lamba, eh, amma ba wanda ke rubuta import ɗinsa da hannu, Django ke ɗauko shi ta importlib, lambar kuma don jeri ce.

dan_damagaram:

Sannunku da aiki. Tambaya ta biyu ba wanda ya taɓa, bari in sa baki. Python 3 tana karɓar baƙaƙen da ba na Turanci ba a sunaye, PEP 3131 ce ta kawo haka, don haka import kuɗi zai yi aiki in akwai kuɗi.py, ƙ da ɗ da ɓ duk baƙaƙe ne a wajenta. Amma ni ban ba ki shawara ba. Na farko Git a yadda yake zuwa ba ya nuna su, in kin yi git status za ki ga "ku\311\227i.py" a madadin kuɗi.py, sai kin kashe core.quotepath, kuma kowa da ke aikin sai ya kashe nasa. Na biyu ba kowane kibod ke da su ba, wanda ya shiga saba da tsakar dare don gyara ba zai tsaya neman ɗ ba. Na uku in aka matse foldar a zip aka aika wa mai tsohuwar manhajar buɗewa, sunan kan iya fitowa a hargitse.

Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: mu a Nijar ƴ muke rubutawa, ku a Najeriya 'y da alamar ɗauri a gaba. Ƴan_aji.py zai wuce a Python, 'yan_aji.py ba zai wuce ba ko kusa, kuma alamar nan a taminal buɗe zance take yi, sai ya tsaya yana jiran ki rufe. Mu da muke cakuɗa Faransanci ma mun sha wuyar é, tsohon tsarin fayil na Mac yana raba shi gida biyu, e daban alamar sama daban, a ido iri ɗaya ne amma a wajen Linux suna biyu ne mabambanta.

Hausar kanta ban ga laifinta ba. In masu aikin duk Hausawa ne kuma manhajar ta cikin gida ce, kudi.py da dalibai.py da rasit.py sun fi wani Turancin da aka ƙaƙalo. PEP 8 ta wajabta baƙaƙen ASCII, wato na Turanci zalla, ne a kan laburaren Python kanta, ta kuma so a yi amfani da kalmomin Turanci inda zai yiwu, sauran ayyukan da ake buɗe wa duniya kuma shawara ta ba su. Ƙugiyar ki bar ta a rubutun da mai amfani zai gani a kan rasit, nan ne wurinta. Abin da ba na so shi ne rabi da rabi, students.py a nan kudi.py a can, mutum bai san da wane harshe zai nemi abu ba.

ummi_kod:

Kai na gode sosai, Allah Ya ƙara ilimi. Hajiya kin canka, Logo.PNG ne. Random ɗin ma na mayar da shi lambar_rasit.py randint ya dawo. Wani ya ce min in goge __pycache__ wai tsohon zai iya dawowa, gaskiya ne? Saura foldojin, sannan utils.py ɗin nan Baba bai ce komai a kansa ba, na buɗe shi akwai komai a ciki, mai gyara kwanan wata, mai tura imel, mai mayar da lamba zuwa kalmomi don rasit, har da haɗin databes.

tsohon_injiniya:

Goge __pycache__, foldar da Python ke ajiye fayilolin .pyc da ta harhaɗa daga kod ɗinki, ba ya cutarwa amma ba dole ba ne. Shawarar ta zamanin Python 2 ce, lokacin da random.pyc yake zama a gefen random.py kuma ana iya shigo da shi ko an goge na asalin. Daga 3.2 aka mayar da su cikin __pycache__, kuma in babu .py ɗin Python ba ta kula su. Ki dai sa foldar a .gitignore.

utils.py sunansa bai karya ƙa'ida ba, matsalarsa ba ya faɗin komai, kamar ɗakin shirgi ne, duk abin da aka rasa inda za a kai sai a jefa can. Ki raba shi gwargwadon aikin: kwanan_wata.py, aika_imel.py, lamba_zuwa_kalma.py, db.py. Ki lura na ce aika_imel, ban ce email ba. Ga yadda ni zan jera:

kudin-makaranta/
  pyproject.toml
  README.md
  src/
    kudinmakaranta/
      __init__.py
      __main__.py
      rasit.py
      dalibai.py
      db.py
      hotuna/logo.png
  tests/
    test_rasit.py
    test_dalibai.py

Foldar waje tana da karan ɗori kuma ba komai, don ba wanda zai yi import ɗinta, sunan aikin ne kawai. Ta ciki ce fakej, ita ce ƙa'ida ta hau kanta. Wannan bambancin kin saba ganinsa ko ba ki lura ba: pip install scikit-learn amma import sklearn, Pillow amma PIL, beautifulsoup4 amma bs4, opencv-python amma cv2. Ke dai ki sa naki su yi kama da juna don kar ki wahalar da na bayanki. __init__.py ko babu komai a ciki ki sa shi, daga Python 3.3 folda tana shiguwa ko babu shi amma wannan an yi shi ne don wata buƙata daban, kuma wasu kayan aikin kan tsallake foldar da ba ta da shi. __main__.py shi ke ba ki damar python -m kudinmakaranta. In kina so na'ura ta riƙa kama miki, Ruff, manhajar duba kod, yana da N999 na sunan modul da bai dace ba, da A005 na sunan da ya yi karo da laburaren Python.

hajiya_django:

Baba a nan kam zan ɗan saɓa maka, da girmamawa. src ɗin yana da amfani, yana hana gwaji ya shigo da kod daga foldar da kake tsaye a madadin wanda aka girka, amma sharaɗinsa sai an yi pip install -e . kafin komai ya tashi, kuma wannan manhajar ba PyPI, rumbun da pip ke sauke fakej daga ciki, za ta ba, oga ne ke ɗora ta a saba, wataƙila ma kwafar foldar yake yi ya kunna. Ranar da ta miƙa masa ya ga ModuleNotFoundError ita zai kira. Django kansa ba ya ƙirƙirar src, fakej ɗin a gefen manage.py yake ajiye shi. Ummi ki cire src ki ɗago kudinmakaranta sama ta zauna kusa da tests, sauran jerin Baba ki bar shi yadda yake, sai ki riƙa kunna gwajin da python -m pytest daga foldar waje don ya ga fakej ɗin. Kuma kafin ki taɓa sunan fayil ɗin da ake kunnawa ki tambayi oga da wane suna sabar take kiransa, in akwai cron, mai kunna aiki a kan lokaci, ko wani saitin da ke nuna tsohon sunan sai an gyara shi rana ɗaya da naki.